Agwagina Uku da Ƙarshen Kaka a Ingila

Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda aka saba.

Yau a kan agwagi zan yi magana. Na san wani zai yi dariya ya ce duk matsalolin duniyar nan sai agwagwa? Ku dai ba ni aron kunnuwanku. Labarin agwagi uku ne da na kiwata a bayan gidana a garin Leeds da ke arewacin Ingila, da yadda na yi asarar ɗaya daga cikinsu ta hanyar da har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. Idan kana zaune a ƙasar sanyi kana sha'awar kiwo, ko kana gida kana da 'yan kaji da agwagi a tsakar gida, ina jin za ka tsinci wani abu.

Bari in fara da yadda aka yi. A farkon 2022 muka koma wani gida mai ɗan fili a baya, ciyawa ce shimfiɗe da katangar katako. 'Yata, lokacin tana da shekara 7, ta dame ni sai an saya mata mage ko zomo. Ni kuma na tashi a gidan da kakarmu ke kiwon agwagi, sai na ce mata to agwagwa fa? Na tambayi mai gidan ya amince, na sanar da maƙwabta, muka je wata gona a bayan gari muka sayo mata uku. Ita ta raɗa musu suna: Talatu, saboda ranar Talata muka ɗauko su, sai Kande, sai Gimbiya.

Nan na fara gane cewa agwagwa kala-kala ce. Wadda muka sani a gida, mai jan tsiro a fuska, wadda ba ta da hayaniya sai huci, ita Turawa ke kira Muscovy, kuma asalinta daga yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Tana kwanci na kwana 35, tana iya tashi ta hau katanga. Waɗannan da na saya daban suke. Talatu da Kande irin Khaki Campbell ne, wato irin da wata mata mai suna Adele Campbell ta samar a yankin Gloucestershire a ƙarshen ƙarni na 19, ana son su saboda ƙwai, mai ƙoƙari a cikinsu takan kusa 300 a shekara. Gimbiya kuwa Indian Runner ce, doguwa, tana tafiya a miƙe kamar kwalba ta yi ƙafa. Ba ta tashi sama ko kaɗan, sai dai gudu. Ƙwansu kwana 28 yake yi kafin ƙyanƙyasa. Ban sayi toro ba, don ba kiwon sayarwa nake nufi ba, kuma mata suna yin ƙwai ko babu namiji.

Lokacin zafi komai ya tafi daidai. A nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9:30 na dare a watan Yuni. In dawo daga aiki, in ci abinci, in huta, sannan in fita in kora su akurki. Ƙwai biyu, wani lokacin uku, kowace safiya. Suka cinye dodon-koɗin da ke lalata mana alayyahu. Na ce ashe kiwo a Turai ba shi da wuya.

Da watan Oktoba ya kama, ganye ya fara zuba, sai hankalina ya tashi. Ba komai nake tsoro ba sai sanyi. Kun san mu da sanyi, hunturun Kano ma sai mun haɗa rigar sanyi da gawayi. Na duba ƙafafun agwagin nan tsirara a kan ciyawa mai raɓa, na ce wallahi waɗannan ba za su kai Disamba ba. Na toshe duk wata kafa a akurkin da tsumma da kwali, har na fara neman fitilar ɗumama ɗaki a intanet.

Maƙwabciyata ce ta taka min birki, wata dattijuwa Baturiya da ta taɓa kiwon kaji shekaru da yawa. Ta leƙo ta kan katanga ta ga abin da nake yi, ta ce in buɗe akurkin in sa kaina ciki. Na sa. Jama'a, zarni ya buge ni har hawaye. Ta ce to wannan iskar suke shaƙa duk dare. Agwagwa tana fitar da danshi sosai, ta numfashi da ta kashi, idan ka toshe iska sai shimfiɗar ta jiƙe, ta yi fumfuna, fumfunar kuma ta shiga huhunsu. Na cire tsummokaran, na bar kafofin iska ta sama kusa da rufi, inda iskar ba za ta riƙa bugun su kai tsaye ba.

Daga baya na karanta na gane dalilin da sanyi bai dame su. Zafin jikin agwagwa ya kai digiri 41 zuwa 42. A ƙarƙashin manyan fuka-fukai akwai lallausan gashi mai riƙe ɗumi. A gindin wutsiya akwai wata 'yar jaka mai fitar da mai, shi take lakata da baki tana shafe jikinta, shi ya sa ruwa ke gangarewa bai taɓa fata ba. Ƙafar kuma, jijiyar da ke kai jini ƙasa da wadda ke dawo da shi a manne suke da juna, sai jini mai ɗumi ya ba mai dawowa zafinsa tun kafin ya kai tafin ƙafa. Don haka ƙafar tana da sanyi, amma jiki bai yin asarar zafi sosai. Ikon Allah. Ashe ni ne nake jin sanyi, na ɗora musu.

To, duk wannan lokacin da na ɓata a kan sanyi, ainihin haɗarin yana can gefe ban ko kalle shi ba.

A Birtaniya ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2022 ranar 30 ga wata ce. Kafin ranar, ina isowa gida ƙarfe 5:30 na yamma, rana tana dab da faɗuwa, in kora su ciki in sa sakata. Ranar Litinin 31 ga wata na tashi daga aiki a lokacin da na saba, ban yi tunanin komai ba. Sai da na fito na ga gari ya yi duhu ƙirin. Rana ta faɗi tun wajen 4:30. Maman yara tana aikin yamma, yaran suna gidan wata 'yar uwa. Agwagi sun yi awa guda a waje cikin duhu, babu kowa a gida.

Ina buɗe ƙofar baya na haska tocila, sai gashi fari da ruwan ƙasa warwatse a kan ciyawa. Talatu da Kande sun cusa kansu a bayan tankin ruwa suna rawar jiki, ko ƙara ba sa yi. Gimbiya babu ita. Maƙwabciyata ta fito ta ce ta ji hayaniya, ta bubbuga taga, ta ga dila ya haura katanga da abu a baki. Ba don ita ba da duka ukun zai kashe, don haka ɗabi'arsa take idan ya samu tsuntsaye a wuri ɗaya.

Wannan dilan ba irin na dajinmu ba ne. Ja ne, mai gashin wutsiya, kuma a cikin gari yake zaune, yana bin bola da bayan gidaje. Yana haura katanga mai ƙafa 6, yana haƙa ta ƙarƙashi, yana iya yaga siririyar wayar kaji da haƙori. A kaka ne kuma 'ya'yan da aka haifa a farkon shekara suke barin iyayensu su bazu neman wurin zama, ga yunwa, ga dare ya yi tsawo. Na tabbata ya daɗe yana zagaya gidan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni na tsaga bangon da hannuna.

Abin da ya fi min ciwo shi ne gaya wa yarinyar. Na so in ce mata Gimbiya ta gudu, amma ta ga gashin da safe. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni: "Baba, ba kai ka ce kana rufe su kafin dare ba?" Ban da amsa. Na ce mata laifina ne, na bi agogo na manta da rana. Dabbar da ka killace, ka hana ta tashi, ka hana ta neman mafaka da kanta, amana ce a wuyanka.

A daren nan na tuna kakarmu. Ba ta da agogo, amma ba a taɓa kiran sallar magariba kaji da agwaginta suna waje ba. Tana ganin inuwa ta yi tsawo za ta ce mana a kora su. Sai na ɗauko jadawalin sallar masallacinmu da ke manne a jikin firij, na ce daga yau shi ne agogon agwagi: minti 30 kafin magariba su kasance a ciki. A ƙarshen Nuwamba magariba a Leeds kafin ƙarfe 4 take yi, ni kuma ina wurin aiki. Don haka dole na sake tsari.

Ga abin da na yi. Na gina keji mai faɗi a gaban akurkin da waya mai kauri, irin wadda aka yi wa walda, mai ƙananan idanu. Na rufe samansa. Na shimfiɗa wayar a ƙasa ta waje, kewaye da kejin, na danne da bulo, saboda dila a gindin waya yake fara haƙa, in ya ci karo da ƙarfe sai ya haƙura. Na sa sakata biyu a ƙofa. Ranar da ba kowa a gida, a cikin kejin suke wuni. Sannan na koya musu shiga. Kaza tana shiga akurki da kanta in duhu ya yi, agwagwa kuwa sai ta kwanta a tsakiyar fili abinta. Sai na riƙa ajiye rabin abincinsu zuwa yamma, ina kaɗa gwangwani. Cikin mako guda suka gane ƙarar. Yanzu ko 'yata ta kaɗa, a guje suke zuwa.

Kwana 5 bayan rashin Gimbiya sai ga 5 ga Nuwamba, daren da Turawan Ingila ke wasan wuta don tunawa da yunƙurin su Guy Fawkes na tarwatsa majalisa a 1605. Ku ɗauka nokawut ɗin ƙarshen shekara ne, amma kowane layi ana yi, har tsakar dare. Agwagin da ba su gama farfaɗowa ba suka rikice. Na rufe su da wuri, na lulluɓe tagar akurkin da tsohon bargo don kada su ga walƙiyar, na bar kafofin iska a buɗe. Mai kiwo a nan ya sa wannan rana a lissafinsa.

Bayan kwana 2 kuma, ranar 7 ga Nuwamba 2022, gwamnati ta kafa dokar killace tsuntsayen kiwo a duk faɗin Ingila saboda murar tsuntsaye, nau'in H5N1. Dokar ba ta bar kowa ba, mai kaji dubu da mai agwagwa biyu duk ɗaya. Ba a ɗage ta ba sai 18 ga Afrilu 2023. Dalilin da abin ke tsananta a wannan lokaci shi ne a kaka ne dinyoyi da agwagin daji ke ƙaura daga wurare irin su Aisland da arewacin Turai su sauka Birtaniya, kuma cutar tana yaɗuwa ta kashinsu da ruwan da suka sha. Matsalar agwagwa ita ce tana iya ɗaukar cutar ba tare da ta nuna alama ba, ta shafa wa kaji. Mu ma a gida ba baƙuwarmu ba ce: a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma masu kaji da yawa sun ji jiki.

Kejin da na gina saboda dila shi ya cece ni a wannan doka. Na ƙara masa rufin roba mai haske don kada kashin tsuntsayen sama ya faɗo ciki. Abinci da ruwa suka koma ƙarƙashin rufi. Na ware takalmin roba guda wanda ba na zuwa ko'ina da shi sai kejin, da baho na maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. Na daina kai yara ciyar da agwagin tafkin unguwa. Alamomin da aka ce a kula da su sun haɗa da mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, murɗewar wuya da tangaɗi, kuma doka ta wajabta a kai rahoto in an yi zargi. Ƙari a kan haka, tun 1 ga Oktoba 2024, duk mai kiwon kaji ko agwagi a Ingila, ko guda ɗaya ce, sai ya yi rajista da hukumar APHA mai kula da lafiyar dabbobi da tsirrai. Kyauta ne, ta intanet ake yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi cin raina kullum, wato taɓo. Nuwamba a arewacin Ingila ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ba ta bushewa. Agwagwa kuma sana'arta ke nan, ta ɗebi ruwa a baki ta tona ƙasa tana neman tana. Cikin mako 2 ciyawar da ke cikin kejin ta koma kamar bakin rijiyar mashaya. Na lura Kande ta fara zama jiƙe-jiƙe, gashinta ya daina korar ruwa. Taɓo ne ya like gashin ya lalata man da take shafawa. Kuma agwagwar da gashinta ya jiƙe har fata, ita ce sanyi ke iya kashewa. Kun ga yadda abin yake zagayowa.

Na zuba ɓarzajjen katako mai kauri a ƙasan kejin, na ɗora bahon wanka a kan faffaɗan bulo da tsakuwa yadda ruwan da suka fantsamar zai tsiyaye. Ba sai kana da tafki ba, amma dole ruwan ya kai zurfin da za ta nutsa kanta duka, don da shi take wanke ido da hanci. Kullum da safe nake zubar da na jiya in sa sabo. Ranar da ya daskare, in fasa ƙanƙarar in ƙara ruwan ɗumi. A cikin akurki kuwa ba na sa ruwa ko abinci da dare, don shimfiɗa ta kwana a bushe. Busasshen karan alkama nake shimfiɗawa, ina kwashe wanda ya jiƙe kowace safiya. Kwana kaɗan da samun ruwa mai tsabta, Kande ta gyara gashinta da kanta.

Batun abinci ma akwai abin mamaki. A gida ragowar tuwo da ƙanzo da dusa ake watsa musu. A nan doka ta hana ba kaji da agwagi ragowar abincin kicin, ko da na sha'awa kake kiwo, kuma an tsaurara wannan ne bayan annobar cutar baki da kofato ta 2001. Don haka abincin buhu na masu ƙwai nake ba su da safe, da yamma kuma alkama ɗan kaɗan a cikin ruwa, da 'yar tsakuwa da garin ɓawon kawa a gefe saboda niƙa da ƙarfin ɓawon ƙwai. Burodi ba abinci ba ne gare su, yana cika ciki ne kawai. Kada a ba agwagwa busasshen abinci babu ruwa kusa, tana iya shaƙewa. Buhun kuma a cikin durom ɗin ƙarfe mai murfi yake, saboda da sanyi ya shigo ɓeraye ke neman inda za su raɓa.

Ƙwai kuwa ya ja baya sosai. Daga biyu a rana ya koma biyu ko uku a mako. Na ɗauka ciwo ne, ashe haske ne. Suna buƙatar kusan awa 14 na haske don su yi ƙwai sosai, ranar ƙarshen Nuwamba a nan kuwa da ƙyar take kai awa 8. Wasu na kunna musu fitila. Ni na bar su su huta, tunda ba kasuwa zan kai ba. Da rana ta fara tsawo a ƙarshen Fabrairu, ƙwai ya dawo da kansa.

Talatu da Kande suna nan da ransu, mun ƙara musu wata Runner ɗin, amma 'yata ta ƙi yarda a sa mata suna Gimbiya. Agwagwa takan kai shekara 8 zuwa 10, don haka wanda zai saya ya sani ba abin wata uku ba ne. Kuma kada ka sayi guda ɗaya, ba ta jure kaɗaici.

In kana ƙasar sanyi, kafin Oktoba ta ƙare ka zauna ka tambayi kanka: ranar da aka juya agogo, wa zai rufe su? Ka amsa wannan tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma kana gida, na san ba dila mai haura katanga, amma akwai muzuru da tunku da ɓarawon unguwa, akwai kuma cutar da ke share kaji lokacin hunturu. Ku faɗa mana, a garinku me ya fi cinye muku kiwo, kuma wace dabara iyayenku ke yi? Zan karanto wasu daga cikin amsoshinku a shiri na gaba.

Nan zan dakata, don ina ganin hasken tagar nan ya fara ja, lokacin kaɗa gwangwani ya yi.